Yadda Ake Kula da Haƙoran Kare da Kyanwa, Daga Ɗaga Leɓe Zuwa Teburin Likita

Kare ko kyanwa ba sa daina cin abinci don haƙori yana ciwo, kuma wannan ne ke yaudarar masu su. Dabbar da turminta ya ruɓe har saiwa za ta sheƙo da gudu in ta ji ƙarar kwano, ta mayar da lomar ɗaya gefen bakin, ko ta haɗiye ba tauna, mai ita yana kallo yana cewa ai lafiyarta ƙalau. Kafin ranar da za ta shinshina abinci ta juya baya, ciwon ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana cin ta. Likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗa cewa yawancin karnuka da kyanwoyi kan fara nuna alamar ciwon dasashi tun suna wajen shekara 3.

Mutane da yawa farin haƙori suke dubawa, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɓarnar tana faruwa ne a layin da haƙori ya haɗu da dasashi, da kuma ƙasa da layin, inda ido ba ya kaiwa. Duk matakan da ke tafe wannan layin suke nufa.

Abin da ke faruwa a cikin bakin

Babban kare yana da haƙora 42, babbar kyanwa 30. Kafin su akwai haƙoran nono, 28 ga kwikwiyo, 26 ga ɗan kyanwa. Famfara kan fara wajen wata 3 zuwa 4, zuwa wata 6 ko 7 manyan haƙoran sun gama fitowa. Daga nan babu sauyi, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan.

Sa'o'i kaɗan bayan an wanke haƙori tas, wani yauƙi marar launi yakan fara lulluɓe shi. Taron ƙwayoyin cuta ne da suka manne da juna a jikin haƙorin. Yana da taushi, buroshi na share shi ba wahala. In aka bar shi, sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu yakan shige shi, cikin 'yan kwanaki ya fara ƙanƙarewa ya zama tsatsar nan mai ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, wadda buroshi ba ya iya mata komai. Yawun kare bai kai na mutum tsami ba. Shi ya sa ramin haƙori irin wanda zaƙi ke yi wa mutane bai cika kama shi ba, a kyanwa ma kusan ba a ganin sa, amma wannan yanayin ne kuma ke sa tsatsa saurin taruwa.

Tsatsar ita kanta laifinta shi ne kaushinta, wanda ke ba sabon yauƙi wurin kamawa. Yauƙin sai ya gangara cikin ɗan kwarin da ke tsakanin haƙori da dasashi, dasashin ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an taɓa shi. A wannan matakin komai na iya komawa daidai. In abin ya wuce nan, ƙwayoyin cutar da yaƙin da jiki ke yi da su sukan cinye zaren da ke riƙe da haƙori, su shiga cin ƙashin muƙamuƙin da yake dashe a ciki. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Likitoci kan auna tsananin ciwon da yawan madogarar da haƙori ya rasa: ƙasa da kashi 25 cikin 100, ko tsakanin 25 da 50, ko sama da 50, wanda a nan galibi sai cirewa.

Ƙananan karnuka irin su Chihuahua, Yorkshire terrier da Dachshund su suka fi shan wahala, don haƙora 42 ɗin nan sun cunkushe a ɗan ƙaramin muƙamuƙi. Haka masu gajeren hanci, irin su Pug da Bulldog da kyanwa 'yar Farisa, haƙoransu kan karkace su hau juna. A ƙaramin kare ƙashin na iya zaizayewa har muƙamuƙin ƙasa ya karye a wajen wasa kawai. Saiwar fiƙar sama kuma tana dab da kogon hanci, in ta ruɓe takan huda tsakaninsu, sai ka ga kare yana ta atishawa, majina tana fita ta hanci ɗaya kawai.

Mataki na farko: duba bakin kafin ka sayi buroshi

Zaɓi lokacin da dabbar ta natsu, a wuri mai haske. Kada ka yi ƙoƙarin wage mata baki. Ka tallafi haɓarta da hannu ɗaya, ka sa babban yatsan ɗaya hannun ka ɗaga leɓen sama daga gefe, ka ja kusurwar bakin baya a hankali har ka ga haƙoran tauna na can ciki. Mafi girma a cikin na sama, wanda ke daidai ƙasan ido, shi za ka fi zuba wa ido. Kusa da shi hanyoyin yawu suke buɗewa, don haka a nan tsatsa ta fi taruwa, kuma shi ne ya fi yawan fashewa a wajen tauna abu mai tauri.

Lafiyayyen dasashi ruwan hoda ne, gefensa siriri, kwance luf a jikin haƙori. Wasu dabbobin an haife su da baƙin tabo a dasashi, wannan ba komai ba ne in dai a shafe yake bai tashi ba. Jan siririn layi a gefen haƙori shi ne farkon ciwo. Sai kuma wari. Bakin dabba ba ya ƙamshi, amma ɗoyin da zai sa ka kau da kai alama ce ta cuta. Wari kamar na fitsari na iya zuwa daga ciwon ƙoda, wani zaƙi-zaƙi marar daɗi kuma daga ciwon suga, waɗannan biyun ba buroshi ne maganinsu ba.

Akwai abubuwan da in ka gani, ajiye zancen goge baki za ka yi ka nemi likitan dabbobi: haƙori mai girgiɗa, haƙorin da ya ɓalle ko ya tsage, wanda launinsa ya koma ruwan hoda ko shunayya ko toka (galibi jijiyarsa ta mutu), mugunya, dasashin da ya janye har saiwa ta bayyana, ko wani tsiro a baki. Tsiro ba abin jira ba ne, don kansar baki tana kama karnuka da kyanwoyi, kuma ganin ta da wuri yana sauya komai. Kumburi a ƙasan ido da ke fashewa ya warke ya sake dawowa, mutane kan ɗauka ciwon ido ne ko cizon ƙwaro, alhali sau da yawa saiwar babban haƙorin nan ce ta yi ƙurji. Ka lura da halayya ma: tauna da gefe ɗaya, abinci yana faɗowa daga baki, jini a jikin abin wasa, sosa fuska da ƙafa, ko noƙe kai in an kai hannu. Kyanwar da ta daina lasar jikinta har gashinta ya cukurkuɗe, a duba bakinta.

Dalilin jinkirta buroshi a irin wannan baki a fili yake. In ka goga shi a kan ciwo, dabbar za ta haɗa buroshi da azaba, kuma ba lallai ta sake yarda ba har abada.

Gargaɗi guda da ba a wasa da shi: dabbar da ta fara dalala farat ɗaya, ta kasa haɗiya, halinta ya sauya, musamman in ba ta da rigakafin haukan kare, kada ka sa hannu a bakinta da sunan neman ƙashin da ya maƙale. Ka killace ta, ka kira likita. In kuma an cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ka tafi asibiti. Cizon kyanwa ɗan ƙaramin rami yake bari, amma yana da zurfi kuma yana saurin ruruwa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Buroshi mai laushin gashi, wanda kansa ya dace da girman bakin. Akwai na dabbobi masu lanƙwasasshen kai, amma na jarirai ma yana yi wa ƙaramin kare da kyanwa. Robar nan da ake sawa a yatsa tana da amfani a farkon koyo, sai dai ba ta shiga ƙarƙashin gefen dasashi kamar gashin buroshi, ga kuma yatsanka a tsakanin turame. Kowace dabba da nata buroshin, kuma a sauya shi bayan kamar wata 3 ko da zarar gashin ya baje.

Man goge baki na mutane kuwa, a nesanta shi. Dabba ba ta kurkure baki ta tofar, duk abin da ka sa mata haɗiyewa za ta yi. Fuloraid da sinadarin kumfa suna ɓata mata ciki, sannan wasu mayukan suna ɗauke da wani abin zaƙi da ake rubutawa xylitol a jikin kwali, wanda ke cikin cingam marar suga ma. A jikin kare yakan sa insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ya kwararo, sugan jini ya faɗi warwas, sau da yawa cikin awa guda, kare ya yi amai, ya yi tangaɗi, ya kama farfaɗiya, wani ma hantarsa ta lalace. In kare ya ci, asibitin dabbobi kai tsaye, ba sai an jira alama ba. Gishiri da hodar soda (baking soda) su ma ba su dace ba.

Man dabbobi an yi shi ne don a haɗiye, da ɗanɗanon kaza ko naman sa ko kifi. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya sa dabbar ta so aikin. Gashin buroshi ne ke cire yauƙi, don haka in ba ka samu man ba, buroshi da ruwa zalla ya fi zama haka nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: saba wa dabbar

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Su sayo buroshi da safe, da yamma su danne kare su cusa masa, a yi kokawa, kowa ya ji jiki, buroshin ya ƙare a bayan kabad. Sannu ba ta hana zuwa. Ka ware wa wannan matakin mako 2 zuwa 4, in dabbar ta manyanta ko mai tsoro ce ma fiye da haka.

Tsayar da lokaci guda a kullum, wanda wani abu mai daɗi ke biyo bayansa, kamar cin abinci ko fita yawo. A kwanakin farko ba abin da za ka yi sai ka ɗiga man a yatsa ka miƙa. Ya lasa, ka yaba masa, ka ba shi ɗan abin kwaɗayi, shi ke nan an tashi. In bai so ɗanɗanon ba, sauya wani. Abin da kake nema shi ne ranar da zai taso da kansa da ya ga ka ɗauko man.

Bayan nan sai taɓa fuska. Ka zauna a gefensa ko a bayansa, ku fuskanci wuri ɗaya, don tsayawa a gabansa kana rusunowa kansa barazana ce a wurinsa. Shafa kumatunsa, ɗaga leɓe na daƙiƙa ɗaya ko biyu, saki, ba shi lada. Idan ya saba, sai ka shafa yatsa mai man a jikin fiƙa da dasashin da ke samanta. Kwana biyu ko uku a haka, sannan ka naɗe yatsan da ɗan bandeji mai tsabta, ka riƙa gogawa zuwa baya kaɗan-kaɗan.

Buroshi ya zo a ƙarshe, shi ma da farko lasa kawai. Danna man cikin gashin sosai don kada ya lashe shi a tashi ɗaya ya tafi abinsa. Ranar farko fiƙa ɗaya, daƙiƙa 5. Washegari fiƙa biyu. Sai a fara matsawa ga haƙoran tauna. Haƙoran gaba ƙanana su ne na ƙarshe, don wajen hanci yana da ƙaiƙayi kuma dabbobi da yawa a nan suke tubure wa mutum.

Dokar da ke riƙe da duk wannan ita ce ka tsaya kafin ya gaji. Hamma ba da barci ba, lasar hanci a kai a kai, kau da kai, kwantar da kunne, sandarewar jiki, duk cewa yake yi ya isa. In ka ga haka, koma matakin da ya gabata na wasu kwanaki. Kada ka hukunta shi don ya yi gurnani. Karen da aka hana gurnani, ranar da abin ya ishe shi cizo zai yi ba sanarwa.

Wanda ya samu kwikwiyo ko ɗan kyanwa ya huta da rabin wahalar, don tun suna 'yan makonni ake saba musu da taɓa baki. A lokacin famfara dasashi na ciwo, sai a sassauta a koma yatsa. Kuma a riƙa leƙawa: in babbar fiƙa ta fito ta nono tana nan daram a gefenta, datti zai taru a tsakaninsu kuma sabuwar na iya karkacewa. Irin wannan cire ta nonon ake yi, ba a jira.

Mataki na huɗu: gogewar kanta

Bakin a rufe ake gogewa. Ɗora hannu a kan hancin a hankali, ɗaga leɓe, zura buroshin ta gefe tsakanin kumatu da haƙora. Karkata gashin zuwa wajen dasashi, kamar digiri 45, yadda bakin gashin zai ɗan shiga kwarin nan. A haƙoran sama gashin na kallon sama, a na ƙasa yana kallon ƙasa. Sai ka riƙa ɗan zagaye ƙanana a kan haƙori biyu ko uku, ka matsa gaba. In gashin ya baje a jikin haƙori, ka danna da yawa.

Ɓangaren waje, mai kallon kumatu, shi ne muhimmi. Na ciki harshe na taimakawa, kuma nemansa kan jawo rigimar da ba ta biya. Turamen ƙasa suna ɓuya a bayan na sama in baki na rufe, amma da dabbar ta fara tauna buroshin za ta ɗan buɗe, sai ka yi amfani da damar. Daƙiƙa 30 a kowane gefe ta isa. Fara da na can baya na sama tun haƙurinsa bai ƙare ba.

Kullum shi ne daidai, tunda yauƙin 'yan kwanaki kawai yake buƙata ya ƙanƙare. Kwana ɗaya bayan ɗaya ma da dama. Sau ɗaya a mako kuwa kwantar wa kai da hankali ne kawai. Ɗan jini kaɗan a makon farko, a dasashin da dama ya yi ja, ba abin tsoro ba ne, yakan ragu in an dage. In ya wuce mako 2, ko dabbar tana zabura don zafi, a kai ta a duba. Ka wanke buroshin ka shanya, ka wanke hannunka da sabulu.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce

Matakan ɗaya ne, amma komai sai an rage shi. Ɗora ta a cinya ko a tebur, bayanta a jikinka, ka tallafi kanta ta sama da yatsu a kan ƙasusuwan kumatu, ka ɗan ɗaga kan, ka ja leɓe da babban yatsa. Tsinken goge kunne mai auduga da aka jiƙa da ruwan kifin gwangwani yana da kyau a wajen koyo. Daƙiƙa 10 a gefe ɗaya da safe, 10 a ɗaya gefen da dare, in hakan ta yarda da shi, ka ci riba. Kada ka kama ta ta ƙeya ka danne.

Tana kuma da ciwo biyu da goge baki ba ya hanawa. Na farko, jikinta da kansa yakan shiga narkar da haƙori, galibi daga wuyansa, a daidai layin dasashi. Da ido abin da za ka gani bai wuce ɗan jan nama da ya hau jikin haƙorin ba, amma in aka taɓa wurin sai muƙamuƙinta ya kama karkarwa don zafi. Yana da yawa ƙwarai a kyanwoyin da suka manyanta, ba a cike shi, cire haƙorin ake yi. Na biyu wani mugun kumburi ne da ke mamaye dasashi har can ƙuryar baki, jawur kamar ɗanyen nama, kyanwar tana dalala, tana kuka in ta yi hamma ko ta ɗauki loma. Garkuwar jikinta ce ke wuce gona da iri a kan yauƙin haƙori. Maganin da ya fi aiki shi ne cire haƙoran tauna duka, wani lokaci da sauran ma. Jin haka kan tayar wa mai ita hankali, amma yawancinsu sukan samu sauƙi sosai bayan aikin.

Ko a wane hali kada ka ba dabba maganin ciwon mutane. Farasitamol yana kashe kyanwa ko da ƙwaya ɗaya ce, ibuprofen kuma yana gyambon ciki da lalata ƙoda a kare da kyanwa duka.

Abin tauna da sauran mataimaka

An daɗe ana cewa ƙashi yana wanke wa kare haƙori. Yana kankare tsatsa, gaskiya ne, amma kuɗin da ake biya ya yi yawa. Farin rufin haƙorin kare ya fi na mutum siranta sosai, ga ƙarfin muƙamuƙi. In ya dasa babban haƙorin sama a kan ƙashi, ƙaho, kofato, ƙanƙara ko roba mai tauri, ɓangare guda na haƙorin kan ɓalle, jijiya ta fito fili. Dafaffen ƙashi ya fi muni, don yana tsagewa ya yi tsini ya soki maƙogwaro ko hanji. Gwajin mai sauƙi ne: danna abin da farcen babban yatsanka, in bai lotsa ba, ya yi tauri. Ƙwallon tanis ma in ya zama abin tauna na kullum, gashinsa da yashin da yake kwasa sukan cinye kan haƙora. Sanda kuma takan gitta a ganɗa tsakanin turame, kare ya yi ta sosa baki ba a san dalili ba.

Abin da ake so shi ne mai lanƙwasuwa, wanda haƙori ke nitsewa a ciki, kuma ya fi ƙarfin a haɗiye shi ɗungurungum. Ka zauna kusa yayin da yake ci, ka karɓe guntun ƙarshe. Ka tuna abinci ne shi ma: duk kayan kwaɗayi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini.

Busasshen abincin leda na yau da kullum ba ya wanke haƙori yadda ake zato, da an cije shi yake rugurgujewa, kyanwa ma sau da yawa haɗiye shi take yi. Wanda aka yi musamman don haƙori ƙwayoyinsa manya ne, kuma ba sa fashewa sai haƙori ya nitse ciki. Tallar kayan haƙori ta yi yawa, kowane kwali na alƙawari. Akwai wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi a Amurka, mai suna VOHC a taƙaice, da ke duba sakamakon gwajin irin waɗannan kaya, ta ba wanda ya cika sharaɗi hatiminta. Ganin hatimin a kwali ya fi zaƙin bakin talla. Ga dabbar da ta ƙi buroshi ƙememe, akwai tsumman goge haƙori, da ruwan da ake ɗigawa a ruwan sha, da man kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine da likita kan rubuta. Duk suna ragewa, babu wanda ya kamo buroshi.

Mataki na biyar: wankin asibiti

A kai dabba likita ya duba bakinta aƙalla sau ɗaya a shekara, ƙananan karnuka da tsofaffi kuma duk wata 6. Shi zai faɗi lokacin da wanki ya kama. Wankin na gaskiya sai an sa dabbar barci, kuma a nan ne masu dabbobi kan ja baya. Tsoron yana da dalili, don sa barci ba ya rasa haɗari, amma ana rage shi: a yi gwajin jini tukuna don ganin halin ƙoda da hanta, a saurari zuciya, a sa ƙarin ruwa, a zura bututu a maƙogwaro don numfashi da kuma tare ruwan wanki kada ya shiga huhu, a riƙa bin bugun zuciya da iskar jini har ta farka. Tsufa shi kaɗai ba ya hana aikin. Ka tambayi likita duk waɗannan kai tsaye, ka kuma bi umarninsa a kan lokacin da za a janye abinci kafin ranar.

Tana barci ne za a kankare tsatsa da na'ura, sama da ƙarƙashin dasashi, a bi kowane haƙori da siririn ma'auni ana auna zurfin kwarinsa. A kare bai kamata ya wuce milimita 3 ba, a kyanwa milimita 1. Sai hoton X-ray na haƙora, tunda fiye da rabin kowane haƙori a binne yake, kuma haƙorin da ke fes a ido na iya zama da ƙurji a saiwa. A ƙarshe a goge su su yi santsi, don kankara na barin ƙananan zane da yauƙi ke kamawa.

Akwai masu kankare tsatsa dabba tana farke, akwai kuma masu sayen ƙarfen su yi a gida. Haƙori zai yi fari, mai shi ya ji daɗi, amma kamar shafa fenti ne a ƙyauren da gara ta cinye cikinsa. Ƙarƙashin dasashi ba a taɓa ba, ga haƙorin an bar shi da kaushi, ga haɗarin yanka in dabbar ta fizge. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ma haka: wari ya lafa na 'yan makonni ya dawo, don tushen yana nan.

In an cire haƙori, abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14, ba abin tauna, ba wasan jan igiya, ba buroshi a wurin sai likita ya ba da izini. Zaren ɗinkin yawanci narkewa yake da kansa. Ɗan jini a yawu a ranar farko ba komai, amma jinin da bai tsaya ba, kumburin fuska, ko ƙin abinci fiye da kwana guda, a koma asibiti, musamman kyanwa, wadda zama ba ci na 'yan kwanaki ke taɓa mata hanta. Maganin ciwon da aka rubuta a ba da shi har ya ƙare, ko da dabbar ta nuna kamar ta warke. Kare ko kyanwa na gida suna cin abinci lafiya lau da giɓi, har wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, wasu ma sukan koma cin busasshen abinci da dasashi. Wanda aka yi wa wanki kawai ba a cire komai ba, galibi ana iya komawa buroshi cikin kwana ɗaya ko biyu, don yauƙin tun a daren ranar ya fara dawowa.